Titin da Daeng Sitaba Ya Buɗe wa Jan Sarki

Shekara talatin da ɗaya Daeng Sitaba ya yi yana gadi a jerin shagunan da ke kan hanyar tashar jiragen ruwa ta Paotere, a Makassar, kuma har ya ajiye aiki bai taɓa ɗaga kulkinsa a kan ɗan Adam ba. Da wannan yake tinƙaho. In ka zauna da shi minti biyar sai ka ji labarin, in ka ƙara biyar ka sake jin sa da ƙarin gishiri. Dogo ne, mai kaurin gashin baki, takalminsa kullum yana ƙyalli, ga usur rataye a wuya. Jarumta kam babu, mu da muka san shi mun san haka, ko kyanwa ce ta diro daga kan kwano sai ya dafe ƙirji. Sai dai tun yana sabon ma'aikaci ya gano cewa ɓarawo ba ya leƙa zuciyar maigadi. Girmansa yake aunawa daga nesa, in ya ga babu riba ya wuce layin gaba.

"Ni aikina a gan ni," in ji shi. "Ranar da ta kai ga duka, na riga na gaza."

Wasan kwamfuta da girmansa ya same shi, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Ɗaya daga cikin shagunan ya koma shagon intanet, kuma da tsakar rana in ciniki ya mutu mai shagon kan bar shi ya zauna a kujerar bakin ƙofa ya sha iskar fanka. Wasannin harbe-harbe ba su burge shi ba, hannunsa ba ya sauri. Wanda ya kama shi na bi-da-bi ne. A ba ka ƙauye ɗaya a kan taswira, ka rene shi ya zama gari, gari ya zama ƙasa. Ka yi takunka ka danna, sannan sarakunan da kwamfuta ke riƙe da su su yi nasu, zagaye ya cika. Yana iya tashi ya busa wa mota usur ta gyara tsayuwa, ya dawo ya tarar ba abin da ya motsa.

Ƙasarsa ta farko a cikin awa ɗaya aka cinye ta. Ta biyu ma haka. Abin ya ƙona masa rai, sai ya koma yana kallon sarakunan nan kamar yadda yake kallon masu zarya a gaban shago. A hankali ya gane halinsu. Sarkin kwamfuta ba ya ƙin ka don Allah, ƙirga yake yi. Kowane zagaye sai ya ƙirga sojojinka ya ƙirga nasa, ya ƙirga na maƙwabcinka, ya faɗa wa wanda ya fi rauni. Ba ya son ka kafa gari a gindin iyakarsa. Yana son ciniki, yana son 'yar kyauta lokaci-lokaci, kuma in ka ce masa a'a sau ɗaya yakan riƙe ka a ciki har zagaye hamsin. Sitaba ya ɗauki wannan karatu ya haddace. Ya riƙa tara 'yan mashi mafi araha, ya jera su a kan tuddan iyaka inda za a gan su, ya aika wa kowane sarki kifi ko auduga duk bayan zagaye goma, duk abin da aka roƙa ya bayar. Daga nan har shekara kusan ashirin ba a sake ƙona masa ko rumbu ba. Shi ma bai taɓa kai wa kowa hari ba, bai taɓa cin garin wani ba. Samarin shagon suka ce wannan ba wasa ba ne, gadi ne ya ƙara da shi a kwamfuta, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Daeng Rurung ya girme shi da shekara huɗu. Layi ɗaya suka taso, kuma shi ya koya wa Sitaba iyo, ta hanyar tunkuɗa shi cikin ruwa daga bakin tasha. Bakaniken injin jiragen katako ne, gajere, mai baki, wanda ya yi faɗa da rabin mutanen Paotere ya kuma ci tuwon biki a gidan kowannensu. Sitaba na ce masa Daeng, kamar yadda ake kiran na gaba. Shi kuma yana ce wa Sitaba Ndi, wato ƙane, in kuma tsokana ta motsa ya ce Janar.

Shekarar da Sitaba ya ajiye aiki, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Rurung wata safiya a ɗakin injin wani jirgi. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, baki ya ɗan karkace amma bai rufu ba. Wata guda 'yan dubiya suna cika gidan, sannan ƙafa ta ɗauke, yadda ta saba ɗaukewa. Sitaba bai fasa zuwa ba, sai dai su biyun a tsaye suka saba hira, ɗaya na kwance inji ɗaya na ba da shawarar da ba a tambaya ba. Zaman kallon juna ya gagare su. Rannan sai ya ɗauro wa babur ɗinsa tsohuwar kwamfutar da 'yarsa ta aiko masa daga garin Balikpapan, ya ajiye ta a kan teburin baranda.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Rurung.

"Yatsa ɗaya yake so, Daeng. Na hagu ma ya isa."

"Ka rasa abin da za ka kawo wa mara lafiya sai aikin yara?"

"To in mayar?"

"Wa ya ce ka mayar? Buɗe in gani."

Suka fara wasa ɗaya su biyu, a kan na'ura ɗaya, kowa da ƙasarsa, ga sarakunan kwamfuta huɗu a tsakani. Doka biyu suka kafa. Wanda ba layinsa ba ne ya juya fuska ya kalli bishiyar mangwaro har ɗan'uwansa ya gama. Ta biyu Rurung ne ya kawo ta. Da Sitaba ya nuna masa cewa wasan na ajiye kowane zagaye, in mutum ya yi kuskure yana iya komawa baya ya gyara, sai ya murtuke.

"Babu wannan. Injin da ka ƙona ka ƙona shi, ba ka cewa mai jirgi a koma jiya. Abin da aka danna an danna."

Kullum bayan la'asar Sitaba zai iso, su yi zagaye biyar, kiran magariba ya tashe su. Daeng Kebo, matar Rurung, ta kawo kofi da madara da soyayyiyar ayaba. Taswirar ta ajiye Rurung a kan wani harshen ƙasa da ya kutsa cikin teku, ba hanyar shiga ta tudu sai ta cikin ƙasar Sitaba. A arewacin Sitaba kuma akwai wani sarkin kwamfuta mai jar tuta, mafaɗaci, suka sa masa Jan Sarki. Rurung ya cika gaɓarsa da tashoshi da kasuwanni da jiragen kamun kifi, kowane gari ya ba shi sunan wani jirgin da ya taɓa gyarawa. Babban birnin kuwa ya sa masa Kebo. Matar ta ce ba ta gode ba, amma ba ranar da ba ta leƙo ta tambayi ko mutanen garinta sun ƙoshi ba.

Soja kuwa shida gare shi duka-duka. In manzon Jan Sarki ya fito a allo yana neman kyauta, Rurung ya danna a'a da ƙarfi har teburi ya girgiza.

"Ka ce wa ubangidanka ya zo ya karɓa da kansa, in ya iya iyo."

"Daeng, yana ƙirgawa fa," in ji Sitaba, fuskarsa na wajen mangwaro. "Ka ƙara sojoji ko goma ne."

"Na samu maigadi kyauta a ƙofa, kuma in sayi kwaɗo? Ci gaba da kallon bishiyarka, Janar."

Wata rana Daeng Kebo ta rako Sitaba har bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba. Ta rage murya ta ce, "Ndi, don Allah ko ruwa ake kada ka fasa zuwa. Tun azahar yake aske gemu da hagu, ya sa in ɗauko masa zanen kirki, ya ja ƙafa da kansa har baranda. Likita ya yi wata uku yana roƙonsa ya taka, ya ƙi. Garuruwan nan ne ke tashinsa daga gado." Sitaba ya ce ai ba komai, yana nan. Ya ji maganar, kuma ya gane ta sarai. Wannan ba na ba shi uzuri a kai.

Wata goma sha huɗu suna wannan wasa. Ran wata Talata, a layin Sitaba, manzon Jan Sarki ya fito da buƙatar da bai taɓa kawowa ba. Sarki na neman izinin wucewa da rundunarsa ta cikin ƙasar Sitaba. Sitaba ya duba iyaka, ya ga jajayen tutoci sun yi dafifi, dawakai da manyan bindigogi, yawan da bai taɓa gani ba. Ya ƙirga nasa, ya ƙirga nasu, ya ga sun kusa kai wa juna. In ya ce a'a, fushin zai sauka a kansa. In ya ce to, bayan ƙasarsa ba kowa sai mutum ɗaya da soja shida. Ya ɗaga ido ya kalli ƙeyar Rurung, wanda ke ta faɗa wa mangwaro cewa bana ba ta yi abin kirki ba. Shekara ashirin ba a taɓa ƙona masa gari ba. Zuciyarsa ta ce wataƙila wucewa kawai za su yi su dawo, alhali ya san ba inda za a wuce a je sai teku. Ya danna to.

"Ka gama, Janar, ko sai na yi furfura ta biyu?"

"Na gama, Daeng."

Zagaye uku bayan nan Rurung ya gan su. Ya matso da fuska kusa da allo. Jajayen sojoji ne a jere suna gangarowa a kan titin da Sitaba ya shimfiɗa, suna ratsa tsakiyar 'yan mashinsa, ba wanda ya ce da wani kanzil. Rurung ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ya kurɓi kofi, ya goge gefen bakin da ba ya ji, sannan ya yi dariya.

"Ndi, sojojin nan naka ƙafarsu ba ta ciwo da tsayuwa? Ka kawo su su sha iskar teku mana. Kifi ya yi araha a wajena."

Wanda bai san mu ba zai ce raha ce. A nan kuwa namiji irin Rurung, mai siri, wato mutuncin da ake gwammace mutuwa da a zubar da shi, ba ya buɗe baki ya ce wa ƙanensa ka taimake ni. Iyakar abin da zai iya ke nan, kuma sau ɗaya ake yi. Sitaba ɗan garin ne, ya ji roƙon kamar an busa masa usur a kunne.

"In na motsa su yarjejeniya ta karye, Daeng," ya ce. "Bari mu ga zagaye biyu tukuna."

"To, Janar. Mu gani."

Bai sake tambaya ba. Kwana huɗu aka yi ana cin garuruwansa ɗaya bayan ɗaya, kuma ya yi faɗa da soja shida kamar yana da ɗari shida. Ya mai da jiragen kifi na yaƙi, ya sayar da kasuwanni ya sayi ganuwa, yana zagin Jan Sarki har kakanni. Kullum Sitaba na cewa a ransa gobe zan shiga, in layinsa ya zo sai ya ƙirga ya ga lissafin bai yi daɗi ba, ya ƙara 'yan mashi biyu a kan tudu ya danna. Ranar Asabar birnin Kebo ya faɗi. Allo ya rubuta cewa ƙasar Rurung ta shafe daga doron ƙasa, layi ya tsallake sunansa ya dawo kan Sitaba. Daeng Kebo na tsaye da faranti a hannu.

Rurung ya jingina da kujera. "Titinka na da kyau, Ndi," ya ce. "Ko ɗaya daga cikinsu bai yi tuntuɓe ba."

Washegari Sitaba ya zo da na'urar, murya ƙasa-ƙasa.

"Daeng, ajiyar ranar Litinin tana nan. Mu koma can, ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Don hannuna ya mutu za ka mai da ni yaro, a ba ni alewa in yi shiru?"

"To mu fara sabo. Wannan karon in ba ka tudu."

"Idona na ciwo. Ka ci gaba da naka, ai ƙasarka na nan lafiya lau."

Dannawar ranar Talata zan iya yafe masa, tsoro halinsa ne tun yana yaro. Abin da ya biyo baya ne ke ba ni haushi har yau. Kalma biyu ce ta rage, yi haƙuri, kuma ta ƙi fita daga ƙarƙashin gashin bakin nan. Shi ma ai yana da nasa sirin, ga kunya ta danne shi. Ya zo ranar Litinin hannu wofi, suka yi maganar tsadar man fetur, ya tashi tun kafin magariba. Ya koma zuwa ranar Juma'a kawai. Daga nan sai in ya ji an ce jikin ya motsa. In ya hango Daeng Kebo a kasuwar kifi sai ya shige layin masu barkono. Ya gaya wa kansa cewa Rurung ne ba ya son ganinsa, kuma mutum in yana neman dalilin zama a gida ba ya rasawa.

Rurung ya daina aski. Ya daina fitowa baranda, ƙafar da ta fara ɗaukarsa ta koma ta sandare. Ba zan ce wasa ne ya kashe shi ba, ciwonsa babba ne kuma kwanansa ne ya ƙare. Amma wata bakwai ya yi kwance yana kallon silin, ba abin da ke jiransa da la'asar. Ya rasu cikin damina, ranar wata Alhamis. Sitaba na cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya yi kuka har mutane suka yi ta ba shi baki suna yabon amincinsa, abin da ya ƙara masa ciwo.

Sai bayan sadakar arba'in ya sake buɗe na'urar, da yamma, shi kaɗai a ɗakinsa. Wasan na nan inda aka bar shi, jar tuta a kan duk gaɓar tekun. Manzon Jan Sarki ya fito yana murmushi, yana neman auduga. Karo na farko a rayuwarsa Sitaba ya danna yaƙi. Bai ƙirga komai ba, ya kwashe 'yan mashin nan kaf daga kan tuddai ya tura su kudu, yana so a karkashe su ya huta.

Ba a karkashe su ba. Rundunar Jan Sarki ta warwatse tana tsaron garuruwan da ta ci, biyu nan uku can, nasa kuwa sun fi ƙarfin ƙirga. Garin farko ya faɗi a zagaye na uku. Kashegari da yamma, a zagaye na tara, suka shiga birnin Kebo. Sai wani rubutu ya fito wanda bai taɓa gani ba, domin wanda bai taɓa cin gari ba ba shi da inda zai gan shi. Wasan na tambayarsa: zai riƙe birnin, ko zai ƙone shi, ko zai mayar wa mai shi na asali. Ya karanta sau uku, sannan ya danna na ukun. Koriyar tutar Rurung ta hau kan ganuwa, sunansa ya dawo cikin jerin masu wasa, da gari ɗaya da soja ɗaya.

Ashe akwai hanya. Ba komawa baya ba ce, ba sadaka ba ce, ba ta taka dokar Rurung ko ɗaya ba. Da Rurung ya karɓa, da ya zage shi tas, ya ce sai yanzu Janar ya tuna yana da mashi, sannan ya sa a ɗauko masa reza. Sitaba ya zauna yana kallon allon har aka kira salla, nadama ta cika shi.

Bai iya riƙe abin shi kaɗai ba. Da safe ya hau babur ya tafi gidan, karo na farko tun ranar sadaka. Ya tarar da Daeng Kebo a baranda tana tsince shinkafa. Ya zauna a bakin dakali, bai hau kujera ba, ya faɗa mata komai tun daga manzon ranar Talata, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ta saurara, hannunta bai bar tire ba.

"Na san da izinin," ta ce. "Ya gaya mini tun a ranar. Cewa ya yi in bar ka, tsoro ne, za ka huce ka zo."

Sitaba ya sunkuyar da kai.

"Garin nawa da ka ƙwato, kwana nawa ya ɗauke ka?"

"Yammaci biyu, Daeng."

Ta tsame wani ɗan dutse daga cikin shinkafar ta jefar a tsakar gida.

"Wata bakwai yana kwance a ɗakin nan, Ndi," ta ce, ta ci gaba da tsincenta.